Keken da Ba a Hawa

"Lahiya lau, gajiya ta bi lahiya. To, ina kwanan kumandan Gazawa, mai dokin ƙarhe?"

Chindo bai ɗago kai ba. Ko a cikin kasuwa ya san wannan murya. Yana tsugune a ƙofar gida yana goge sabon kekensa da gefen riga, keken da har yanzu takardar kanti ke naɗe a ƙarfensa. Maijidda ce, ɗiyar gwaggonsa, mai ƙuli-ƙuli, mace ƙatuwa mai baki kamar reza, ta tsaya a kansa da tsintsiya a hannu.

Safiyar shara ce, kashegarin cika-ciki, a shekarar da ake ta cewa saura kaɗan Nasara ya miƙa mulki. A garin nan na Gazawa, ranar shara ɗan mace ke zuwa ya share ƙofar taubashinsa ɗan namiji, a ba shi kuɗin shara, domin a wasan taubasai ɗan mace bawa ne, ɗan namiji ubangida. In an hana shi, ya kama duk abin da hannunsa ya kai ya riƙe sai an fansa, ba fushi, ba kai ƙara.

Chindo kuwa ba ranar da ya ƙi jinin ganin tsintsiya kamar yau. Keken nan bashi ne daga Alhaji Maikuɗi, kuma abin da ya ba da jingina shi ne Auraki, jakin da mahaifinsa marigayi Garba ya bar masa. Gobe kasuwa. Alhaji ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ko ya kawo kashin farko na kuɗi, ko ya maido keke ba ko kwarzane, in ba haka ba jaki ya bi fatake kudu. Aljihun Chindo kuwa iska ce kawai ke kwana a ciki. Amma namiji ne, sai ya gyara hula.

Ya ce, "Wa ya buɗe ma bayi ƙohwa da sassahe? Baiwa, durƙusa ki gaida ubangidanki."

"In durƙusa ma wa? Ga ka nan tsugune gaban ubangidanka kana goge mishi ƙahwa. Bari ka gama bautarka, sannan in yi tawa."

"Jahilci dai cuta ne. Wanga da kike gani keke ne, daga Katsina anka kawo shi. Ko a Tasawa ba kowane ɗan buro, ma'aikacin Nasara, ke da irinshi ba."

"Awo, na ji labari. An ce tun da ka saye shi ƙahwarka ba ta bar ƙasa ba. Ka ja shi masallaci, ka ja shi kasuwa, ka jawo shi gida. Ran da anka yi ruwa an gan ka da shi bisa kai kana ƙetare laka. Jakin Kawu kai ke hawanshi, wanga shi ke hawanka."

"Ladabi nike koya mishi. Doki ma sai ya san ubangidanshi ake ɗora mishi sirdi."

"Shi ma yana can yana hwaɗi ma 'yan'uwanshi ya samu bawa mai ladabi."

Ta sunkuya ta fara shara, tana tura ƙura wajensa da gangan. Chindo ya yi wuf ya rufe keken da jikinsa, kamar kaza da 'yan tsaki.

"Ke! Ƙura za ki sa mishi!"

"Au, ba shi son ƙura? To a wace ƙasa za a hau shi? Kai dai miƙo sharata in tahi, na bar gujiya bisa wuta."

"Bana ba shara. An ɗaga ta sai bayan mulkin kai."

"Wa ya ɗaga ta?"

"Manya. Ke ina kika san siyasa? Wani mai jar hula ya hwaɗi a kasuwa da bakinshi, ran da Nasara ya tahi duk kujerun buro sun zama namu. Za a nemi ɗan saƙo mai keke, kuma duk Gazawa wa ke da keke in ba ni ba? Daga ɗan saƙo sai magatakarda, daga magatakarda sai kumanda. Ke kuma in naɗa ki sarauniyar tsintsiya."

"Magatakarda? Kai da ko ƙohwar lakol, makarantar boko, ba ka taɓa leƙawa ba? Ran da anka zo ɗibar yara ba cikin rumbu Kawu ya ɓoye ka ba, ka hito hwari hwat da ƙaiƙayi?"

"Ilimin rumbu ya hi na lakol. Kuma ki saurara, ran mulkin kai za a yahe lanho, harajin Nasara, a yahe bashi, kowa shi hwara sabuwar rayuwa."

Maijidda ta dafa tsintsiya, ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Wayyo ni! Chindo, Alhaji Maikuɗi Nasara ne da zai hau jirgi shi tahi? Nasara zai tahi, Alhaji yana nan bisa buzunshi yana jan tasbaha, yana tuna sunanka a kowane ƙwaya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne."

Maganar ta soki Chindo, domin shi ma ya sha yin wannan tunani yana korarsa. Ya dake.

"Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ke ba a bin ki?"

"Hanjin kowa cikin cikinshi yake. Naka ne ya hito waje har da ƙararrawa."

"Hassada ga mai rabo taki."

"Madalla da ka ambaci taki. Jiya na gamu da Rakiya matarka da kwandon taki bisa kai za ta gona, ga tulu na jiranta a rijiya. Na ce, Rakiya, ina Auraki? Ta ce ya tahi karatu gidan Alhaji. Ka mai da matarka jaka, ka mai da kanka jakin keke. Gida guda jakai biyu, na gaskiyan kuwa yana gidan wani."

"Auraki hutu ya tahi. Yana can yana cin harawar masu kuɗɗi, har ya yi ƙiba."

"Na gan shi. Yana ɗaure bayan kanti cikin rana, ƙudaje sun cika mishi ido. Da ya gan ni ya yi kuka, na ce yi haƙuri, ubangidanka na can yana zama kumanda."

Chindo ya ji abin har cikin ransa. A kan jakin nan ya yi ta kai gujiya sikeli tare da tsohonsa, kuma a kansa aka ɗauko tsohon daga gona ranar da ciwon ajali ya kama shi. Ya saci kallon turken da ke gefen zaure. Igiyar tana nan yashe inda ya kwance ta. Ya kawar da kai, ya ɗaga murya don kada a gane.

"Ke baiwa, kin cika surutu. Kama hanya, in na hau kujera in aiko miki da sharar shekara goma."

"Kayan aro ba shi ruhe katara. Dala guda nike so, yau, a tahin hannuna."

"Ba ni da canji."

"Kawo babbar, in canza maka."

"Tana cikin akwati."

"Ɗauko akwatin."

"Mabuɗin na wurin Rakiya."

"Rakiya na gona tana aikin jaki. To, shi ke nan, al'ada ta ba ni."

Kafin ya ankara ta yar da tsintsiya ta cafke ƙahon keken da hannu biyu. Hannun da ya shekara ashirin yana murza tunkuza ba a ƙwace abu a cikinsa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan darni suna murmushi. Ba mai shiga tsakanin taubasai ranar shara, kowa ya san haka, Chindo ma ya sani.

Ta ce, "Jama'a ku shaida, na kama. Mai keken da ya hi na 'yan buro ya rasa dalar hwansa."

Ya ce, "Riƙe shi mana. Mi za ki yi da shi? Ki soya?"

"Hawa zan yi. Tun da ubangida ya kasa, bari baiwa ta gwada. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

"Ke? Wagga ƙiba? Ko raƙumi sai ya yi salati kahin ki hau."

"To bari mu ji ko keke ya iya salati."

Ta tattare zani, ta gyara ɗamara, ta ɗaga ƙafa ɗaya. Keken ya karkata wajen turmin da ke jingine da bango. Chindo ya hango abin tun bai faru ba: Maijidda a ƙasa, fenti ya kwarzane, Alhaji yana girgiza kai, Auraki yana bin ayarin fatake. Bai san lokacin da ya yi tsalle ya rungume sirdin ba.

"Don Allah, Maijidda! Don darajar iyaye! In ya kwarzane Alhaji ba shi karɓa!"

Maijidda ta sauke ƙafarta a hankali.

"Ba shi karɓa? Karɓar mi? Na zaci kumanda ya saye abinshi."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yau Chindo ya kai ƙarshensa a gaban maƙwabta.

Ta ce, "Ashe shi ya sa ba ka ɓare takardar ba. Ashe ba rashin iyawa kaɗai ba ne."

Ya ce a hankali, "Har da rashin iyawar."

Wani daga bayan darni ya tuntsire da dariya. Chindo ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa.

"Gobe ne wa'adi. Tun shekaranjiya nike jan shi zuwa ƙohwar Alhaji, in na hango mutane zaune sai in wuce, in yi kamar kasuwa za ni. Mi za a ce? A ce Chindo ya ci tuwon da ya hi bakinshi?"

"An riga an ce. Tun ran da ka ɗora shi bisa kai anka ce. Dariyar da kake gudu an gama ta, saura jakin kawai ba a sayar ba."

Ta saki keken. Ta taka zuwa turke, ta ɗauki igiyar, ta kakkaɓe mata ƙasa. Da ta juyo, muryarta ta sauka, ba ta yi kama da ta ɗazu ba.

"Ran da anka kai ni ɗaki, bisa uwar Auraki Kawu Garba ya ɗora kayana, shi yana tahe a ƙasa har ƙohwar gidan miji. Duk shekara in na zo shara kukan jaki ke tarbona a gidan nan. Yau na zo na tarar da turke wayam, da wani ƙato yana goge ƙarhe. Ba ni son dalarka, Chindo. Kukan nan nike so in ji."

Chindo ya karɓi igiyar. Idonsa ya yi zafi, sai ya ɗora wa ƙurar da ta tayar laifi, ya murza shi da bayan hannu.

Ya ce, "Kin ga abin da sharar banza ke jawowa. Baiwar kirki yayyahi take hwara yi."

"Ubangidan kirki biya yake hwara yi."

Ta kwance bakin zani, ta ciro dala guda, ta danƙa masa a tafin hannu, sannan ta shimfiɗa nata hannun a gabansa.

"Ba ni sharata. Ba a cewa na zo gidan Kawu na koma hannu wohi."

Ya dubi dalar, ya dube ta. "Rance ne?"

"Kyauta ce. Rance ka ƙoshi."

Ya ajiye mata dalar a hannu. Ta ɗaga ta sama ta nuna wa masu leƙe.

"Jama'a ku shaida! Yau Chindo ya biya wani abu nan take!"

Dariya ta ɓarke ta ko'ina, har shi. Ya yi ta yi har ya dafa bango. Da ya nutsu, ya rataya igiyar a kafaɗa, ya kama ƙahon keken, ya juya shi wajen unguwar Alhaji. Ya ɗan tsaya, ya kai yatsa kan ƙararrawar da bai taɓa yarda wani ya taɓa ba, ya kaɗa ta sau ɗaya.

Maijidda ta ce, "Kaɗa da kyau, ita kaɗai ce ka more."

"Kin ci, baiwa. Amma ki sani, in na dawo bisa Auraki sai kin durƙusa."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta nufi turken. "Auraki zan durƙusa ma, ba kai ba. Tahi, bari in share mishi wurin kwana."