Cindo da Ɗaki Mai Taya

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani mutum ana ce masa Cindo. Daga shi sai yayarsa Ladidi, wadda ta dawo gida da keken ɗinkinta bayan rasuwar mijinta. Cindo ba ya ƙarya, ba ya musu, amma yadda magana ta fito daga bakinka haka zai aikata ta. Ya yi wa masu aikin titi gadi shekara uku, da za su tashi suka bar masa tsohon ɗakinsu na ƙarfe mai taya. Da damina ta rushe musu ɗakin ƙasa, can suka koma. To amma rufin yana yoyo, katakon bango ya sha danshi, fumfuna ta yi baƙi ƙirin a kowace kusurwa.

Malam Ilu kafinta ya zo ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Wannan ya gama yayi. Ku ba ni in farfasa."

Ladidi ta ce, "Mu kwana a ina? A shagonka?"

Cindo ya bugi ƙirji ya ce, "Ba mai farfasa shi. Ni zan gyara."

Wata rana Ladidi ta ce, "Cindo, ka bi ruwan nan ka gano daga inda yake fitowa." Ana fara yayyafi ya hau rufi, ya zauna har ya jiƙe sharkaf. Ya sauko yana rawar sanyi ya ce, "Yaya, na gano. Daga sama yake. Sai dai tsanina bai kai ba."

Wata rana maƙwabcinsu Jatau ya leƙo, warin ruma ya buge shi. Ya ce, "Ku bar ɗakin nan ya sha iska mana." Cindo ya aro shanun huɗa biyu, ya ɗaura musu ɗakin, ya fita da shi yawo. Suka zaga kasuwa, suka bi ta bakin rafi. A hanyar dawowa taya ta kwashe dangar Jatau har da kabewar da ke kanta. Jatau ya fito yana kumfar baki. Cindo ya ce, "Kai ka ce. Kuma ya ji daɗin fitar."

Wata rana Ladidi ta kawo masa ƙaro ta ce, "Duk wata kafa da ka gani, toshe ta." Ta shiga ciki ta hau ɗinki. Cindo ya toshe hujin rufi, ya toshe taga, ya liƙe ƙofa ruf. Sai da aka sa gatari aka fito da ita, gumi har zani. Jama'a suka taru suna dariya.

Malam Ilu ya ce, "Ladidi, har yanzu ba ki haƙura ba?"

Ta share fuska ta ce, "Ƙanena ne, ɗakinmu ne. Ko a ciki zan mutu, ba ka samu."

Ya yi tsaki ya ce, "To tunda ɗakin ba ya son ruwa, sai ku saƙa masa malafa."

Cindo ya ji. Kwana tara yana saran kaba yana saƙa, har ya haɗa malafa mai faɗin rumfar kasuwa. Ya kira maza shida suka ɗora, ya ɗaure ta da igiya ta ƙarƙashi kamar yadda ake ɗaurewa a haɓa. Har daga ƙauyukan kusa ake zuwa kallo.

Ran Laraba da la'asar aka tsuge da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ruwa na sauka kan malafa yana gangarewa can nesa da bango. Ko ɗigo bai shiga ba. Malam Ilu, da ruwan ya tare a hanya, ya faɗo ciki yana ɗiga. Ya shafa bango, ya ɗaga kai ya dubi rufi.

Ladidi ko kallonsa ba ta yi ba, ta ci gaba da taka kekenta.

Cindo ya matso ya ce, "Malam Ilu, saura takalmi. Lamba nawa kake ganin zai yi masa?"