Rasuwar Injin Wanke Kwanukan Gidan Alhaji Iro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido busasshe, ni Alhaji Iro Mai Tsakuwa na Ƙofar Sauri nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, har da masu dariya a bayan katanga, rasuwar injin wanke kwanukan gidana. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da wata goma sha ɗaya a duniya.

An kawo marigayin daga Kano cikin shekarar 1976, a bayan motar da nake kai tsakuwa wurin aikin titi. Fari ne, tsawonsa ya kai ƙugun mutum. Ba don a gani na saye shi ba, ko da yake an gani. Matata Hajiya Delu ta yi shekara arba'in hannunta cikin ruwa da toka, har sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu. Ranar da aka sauke shi na rantse a zaure, gaban mutum tara, cewa Delu ba ta ƙara wanke ko cokali. Mutanen tara duk suna raye, kuma ba su da mantuwa.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa cewa kwanukan sun yi yawa ba. Bai taɓa kai maganar gidana bakin famfo ba. Idan an kunna shi yakan ce "gurrr", ya ɗan yi shiru kamar mai tunani, ya ce "shaaa" na tsawon lokaci, ya rufe da "ƙwal". Maganarsa ke nan, kuma ta fi ta mutane da yawa amfani. Yana da rauninsa. Bai iya ƙanzon tuwo ba. Ya tsaga akushi biyu, ya mayar da ƙwaryar fura kamar tsohon takalmi. Mun yafe masa.

Ga yadda ciwon ya faro. Ya zo da gwangwanin sabulunsa, wani farin gari. Na zuba shi a ruwa na kaɗa, bai yi kumfa ba. Ni tun ina yaro na san sabulu da kumfa ake gane shi. Na ce an cuce ni, amma muka yi ta lallaɓawa da shi har ya ƙare, ana saura kwana uku sunan jikata.

Sai na tafi kasuwa da kaina. Na sa aka jera mani sabulun ruwa kala huɗu, aka kawo bokiti huɗu. Na gwada kowanne da hannuna, jama'a na kallo. Na farko ruwa ne aka rina. Na biyu ƙanshi kawai. Na uku ya yi ƙoƙari. Na huɗu, wani kore cikin doguwar kwalba, ɗigo uku ya cika bokiti har kumfa ta zubo mani a takalmi. Shi na ɗauka, katan guda.

Ɗana Lawal, wanda na kai makaranta har ya zama akawu, ya ɗauko takardar da ta zo da injin. Ya ce, "Baba, an rubuta nan ba a sa masa mai kumfa." Na tambaye shi ko wanda ya rubuta takardar ya taɓa wanke kwanon miyar kuka. Ya ce bai sani ba. Na ce to ya je ya kafa rumfar suna.

Ranar suna, bayan an ci an tashi, aka loda wa marigayin kwanuka. Na zuba masa ludayi guda na koren sabulun. Da na tuna yawan man shanun da aka ci, na ƙara ludayi biyu. Ya ce "gurrr" kamar kullum. Bai kai ga "shaaa" ba. Kumfa ta fito ta ƙarƙashin ƙofarsa, ta cika madafa, ta bi tsakar gida, ta rufe takalman mata, ta leƙa zaure inda manyan baƙi ke zaune. Liman Malam Babaji ya tattare rigarsa ya hau benci. Marigayin ya ce "ƙiii" sau ɗaya, da muryar da ban san shi da ita ba. Sai warin ƙuna.

Mamman mai gyaran rediyo ya yi jinyarsa kwana shida. Ya buɗe cikinsa, ya ce ruwan kumfa ya shiga inda wuta take, kuma abin da ya ƙone babu shi a Katsina. Ya tambayi wa ya zuba sabulun. Na ce aikinsa gyara ne, ba shari'a ba. Lawal yana wurin, bai ɗauko maganar takardar ba. Na lura da haka, kuma na rubuta masa shi cikin alherinsa.

Marigayin ya bar firji ɗaya, da fanka uku, da tiyo wanda har yanzu yana ɗiga, da kwalba ashirin da uku na koren sabulu. Ya bar Hajiya Delu da yatsunta yadda suke. Ya bar ni da rantsuwata.

Malam Babaji ya ce abu mai sauƙi ne, in ciyar da miskinai goma, rantsuwa ta warware. Na gode masa. Miskinai goma kwano goma ne, kuma ban ga abin da zai warware a yatsun Delu ba. Ita ma ta ce, "Alhaji, bar ni in yi abina, mutane za su yi magana." Na ce su yi. Ta ce a kawo 'yar aiki. Na ce ba 'yar aiki ce ta zuba ludayi uku ba.

Za a fitar da marigayin gobe Laraba da ƙarfe goma, a kura, zuwa rumfar Mamman da ke Gobarau. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ban yi musu ba. Ana karɓar gaisuwa a zaure daga hantsi zuwa azahar. Kada kowa ya aiko da abinci. Wanda ya aiko, kwanonsa zai koma yadda ya zo. Bayan la'asar ba na ganin kowa. Ina cikin gida kusa da famfo, kwanuka a gabana, na naɗe hannun riga, Hajiya na kan kujera tana nuna mani inda na bari. Sabulun kuwa, a hannu, ba shi da laifi. Na faɗa tun a kasuwa cewa mai kyau ne.