Ranar Da Na Tare Wa Turawa Taram

Har yanzu haushin bai sake ni ba. Ban daɗe da zuwa Landan wurin Yaya Sani ba, wanda gwamnati ta turo kwas, na caɓa ado da sabon leshi na fita unguwar Aldwych ni kaɗai. Ina shan kwana sai ga Turawa jere a bakin titi, kowa ya saito kyamara ta inda nake.

Ni za a ɗauka ba izini? Na je na tsaya ƙiƙam a gabansu, na ɗaga yatsa, na zazzage musu duk Turancin da na koyo a sakandare.

Wani dattijo ya yi ta kaɗa hannu yana cewa, "Madam, move, please!" Na ce ba inda za ni.

Sai na ji rugugi a bayana. Ƙatuwar mota ce ɗauke da tsohon taram, jirgin nan mai bin titi da aka daina hawa tuntuni, za a kai shi gidan tarihi. Tun safe suke jiransa, kuma a ƙa'idarsu ko su kansu ba mai gitta wa kyamarar wani. Taram ya wuce. Ɗaurin ɗankwalina suka ɗauka.

Da suka taso min da ihu, takalmi ɗaya na baro a wurin. Me ya hana su yi min bayani kamar mutane?

Na gaya wa Yaya ina kuka, na ja wa kaina. Yanzu ko shayi na kawo wa baƙinsa sai ya ce, "Jama'a, ku shirya kyamara, taram zai wuce."