Hannun Kaka da Zanen Ƙofa

Ni kaɗai na lura cewa Kaka ya koma zuba shayi rabin kofi. Ba ƙoshi ba ne, hannunsa na dama ne ya fara karkarwa. Tun kafin a haifi babanmu yake zana wa masu walda ƙofofin ƙarfe a littafin zane, ga shi wani mai walda na jiran zane jibi, shafin kuwa duk gurbin gogewa. Na san Kaka, ranar da ya ajiye fensir, ranar zai kwanta. Ban iya yi masa maganar ba, sai na raɗa wa Yayana, mai zane a kwamfuta, wanda Kaka ya aika sayen sabon littafi.

"Lafiya lau, in ban da ganinka," in ji Kaka daga kan tabarma, da Yaya ya dawo ya gaishe shi. "Ina littafina, ɓarawon canji?"

"Mai kanti ya ce tun da aka binne sa'anninka ya daina sarowa. Ga wanda ya fi shi."

Yaya ya ajiye masa kwamfutar hannu a cinya. Kaka ya juya ta gaba da baya, ya ce farantin ya yi kyau, sai dai an manta ba a zubo abinci ba. Yaya ya bayyana masa cewa ko layi ya karkace, ita take miƙar da shi.

"To maƙaryaciya ce, irin mai ita. In wuta ta ɗauke kuma fa? Littafina bai taɓa suma ba."

"Amma gara ta cinye rabinsa. Zamani riga ne, tsoho."

"Shi ya sa taka ta ɗame ka kamar buhun gishiri. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Taka ai ta daskare. Na ga ƙofar da ka zana jiya, ko akuya ba za ta yarda ta shiga ba. Hannunka kaɗawa yake yi kamar ana tankaɗe."

Babu wanda ya taɓa furta wannan a gaban Kaka. Kakarmu, wadda ke ninke kaya a bakin ƙofa, ta tsaya da zane a hannu. Kaka ya dubi yatsunsa, ni kuma ina kallon ƙasa, ina da-na-sanin buɗe bakina.

"Fushi yake yi," ya ce a hankali. "Tunda ya gan ka yake son marinka, ni nake riƙe shi."

Yaya ya yi dariya. Ya durƙusa, ya ɗauki hoton shafin, ya bi layukan da alƙalamin kwamfutar. Sandunan ƙofar suka miƙe. Da ya zo kan furen da ke saman ƙofar, Kaka ya buge masa hannu, ya ce wannan lanƙwasar da gangan ce, in aka miƙar da ita ƙofar ta zama ta gidan yari. Yaya ya mayar da ita yadda take, yana gunagunin cewa ba a gane inda gwaninta ta ƙare, tsufa ya fara.

"To ka zauna kusa, ka riƙa tambaya," in ji Kaka. "Ni in zana a littafina, kai ka yi guga. Na ɗauke ka aiki, ladanka in bar maka gaisawa da matata."

"Matata dai, aro na ba ka."

Kaka ya yi dariya har da tari, ya ce ya ji, ya sallama, amma a koma a sayo masa littafinsa kafin a rufe kanti. Yaya ya zura takalmi ya fita.

Da la'asar Kaka ya kira ni, ya miƙo mini fensirinsa da reza, ya ce in fere masa, kada in sa bakin ya yi tsini da yawa.