Mai Ƙarin Ƙashi da Gayyar Noma

Wani ne a ƙauyenmu, can bayan Minjibir. Malalaci ne na bugawa a jarida. Ko fartanyarsa ba ta san tafin hannunsa ba. In ka bi ta gonarsa da damina sai ka rantse burtali ne.

To, maƙwabcinsa Kamaruddeen sai ƙari ya fito masa a cikin ƙashin gwiwa, aka yi masa aiki a Kano ana tsakiyar noma. Da yake mutumin mutane ne, gari ya yi masa gayya. Samari suka zo har da kiɗa suka nome gonar tas, shi kuwa yana inuwa kan tabarma yana shan farfesu.

Gogan naka ya leƙa ta kan danga, ya haɗiyi yawu muƙut. Ya shiga gida ya kira matarsa.

"Hure, kin tuna kumburin nan na gwiwata?"

"Wanda na yi ta fama da kai ka je asibiti ka ƙi?"

"Shi fa. Ashe arziki nake yawo da shi ban sani ba."

Suka hau mota sai Kano, yana ɗingishin da jiya ba ya yi. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga hoton, yana neman ta inda zai fara.

"Malam, sai haƙuri. Ƙari ne, ya fara cin ƙashin ta ciki. Ba ciwon daji ba ne, amma sai an yi aiki."

"Alhamdu lillahi!"

Likita ya dubi Hure. Hure ta dubi silin.

"Sai dai layi da tsawo," in ji likita. "Sai bayan kaka."

"Bayan kaka? Haba likita! Wa yake jinya da rani? A banza?"

Likita bai gane ba, ya ci gaba da bayaninsa. Ya ce za su buɗe ƙashin su kankare ƙarin. Amma kankara kaɗai ba ta isa, don ɓurɓushi kan maƙale a lungu. Shi ya sa za su bi ramin da ɗan inji su gurje, su shafe shi da wani ruwan magani mai ƙuna, ko su daskarar da shi da sanyin da ya fi na ƙanƙara. Sannan su cike da simintin ƙashi.

"Duk wannan azabar ta mece ce?"

"Don kar ya dawo. Ai kai manomi ne, ka san ciyawa. In ka bar saiwa, ruwa na sauka za ta tofo."

Hure ta ce, "Wannan kam ya sani."

Shi kuwa tuni idonsa ya yi wal. Ya jawo kujera, ya rage murya.

"Likita, tsaya. Wato in ba a ƙona ba, dawowa yake?"

"Yakan dawo."

"Kamar yaushe? Zai kai daminar baɗi?"

"Yana iya."

"Shi ke nan! Ka kankare sama-sama. Injin nan, da maganin, da sanyin, ka ba wani mabuƙaci, na yafe. Ka dai bar min ɗan iri a lungu."

Likita ya cire tabarau. "Bawan Allah, kowa roƙo yake kar ya dawo. In ya cinye gwiwar, sai ka rasa ƙafar fa!"

Wallahi mutumin nan maimakon ya tsorata, sai ya kama lissafi. "Wato gayyar ta zama ta kowace shekara ke nan?"

Hure ta miƙe. "Likita, don girman Allah ka ƙona. In sanyin ya yi saura, ka ƙara masa."

Waccan daminar dai ciyawa ta cinye geron. Aka yi aiki da rani, ba noma, ba gayya. Masu dubiya su ce sannu su kaɗe riga. Farfesu ko ƙamshinsa bai ji ba. Bai damu ba, wai ya ga alamar tausayi a fuskar likitan. Kullum yana zaune yana shafa gwiwa, yana lallashinta: "Yi a hankali, sai an yi shuka." Har ya kama mai kiɗan gayya tun da wuri, kar wani ya riga shi.

Ruwan farko na sauka ya koma a duba shi, ɗingishi har ƙasa. Aka sake hoto. Likita ya fito yana murna.

"Albishirinka! Tas! Babu ko ɗigo. Gobe ma ka shiga gona."

Gogan ya karɓi hoton, ya juya shi sama, ya juya ƙasa, ya haska a taga. Ya dubi Hure, ido cike da hawaye.

"Allah ya isa! Wannan ba likita ba ne, fara ce. Ko iri bai bar min ba!"