Rasuwar Miƙau, Mai Riƙe Sitiyarin Tarakta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya rinjayi baƙin cikin, Malam Datti, direban taraktar ƙungiyar manoman dankali da ke wajen Vom, yake sanar da rasuwar Miƙau, na'urar nan da ke tuƙa tarakta da kanta. Ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar gonar Mama Kaneng, yana da damina biyu a hannunmu.

Mutane sun yi masa kyakkyawar shaida. Baba Bot, shugaban ƙungiya, ya ce tunda yake noma bai ga kunya miƙaƙƙiya irin tasa ba. Mama Kaneng ta ce shi kaɗai ne ma'aikacin da bai taɓa ci mata iyaka ba. Ba shi da surutu. In ya kama layi ya ce "ƙit", in ya kai ƙarshen gona ya ce "ƙit-ƙit", shi ke nan. Da haka jininsu ya haɗu da Malam Datti, wanda shi ma saurare ya fi iyawa.

Kazeem, mai gyaran wayoyin lantarkin mota a unguwar Dilimi, shi ya ɗaura shi, ya yi yini biyu yana saita shi: yadda zai murza sitiyari, da saurin da zai koma layi in ya kauce. Ya rubuta lambobin a takarda. Malam Datti, da ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci bayan furfura, ya haddace su tsaf.

Ciwon ya fara ne bayan ƙanƙarar watan Afrilu. Marigayi yana da wani farin faifai a kan rufin tarakta, da shi yake jin tauraron ɗan'adam. Malam Datti ya ga yadda ƙanƙara ta yi wa kabeji fata-fata, tausayi ya kama shi, ya yi wa faifan 'yar rumfa da kwanon rufi. Bai san ya toshe masa kunne ba.

Daga nan Miƙau ya fara tangaɗi. Aka buga wa Kazeem waya, ya ce a ƙara lamba biyu. Aka ƙara. Kunya ta fito kamar sawun maciji. Ya ce a rage uku. Aka rage. Mako uku ana ƙari ana ragi, dankalin iri yana tsiro a buhu, Malam Datti yana saurare yana dannawa. Ba wanda ya tambaye shi batun rumfa, shi kuma bai ga abin faɗa ba. Ranar ƙarshe aka kai lambar ƙarshe. Sitiyari ya yi ta karkarwa, hagu, dama, hagu, marigayi ya ce "ƙiiii", ƙauri ya tashi.

Da Kazeem ya iso, ya ɗaga kai ya ga rumfar, ya dubi furfurar Malam Datti, ya yi shiru. A gabansa ƙungiya ta yanke cewa saitinsa ne ya yi kisan, aka raba shi da aikinta, labari ya kai ga sauran masu tarakta.

Marigayi ya bar tarakta ɗaya, garma, takardar lambobi, da kadada shida na kunya karkatacciya.

Za a mayar da shi kwalinsa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a ɗora shi a saman kantar sito. Rumfar za a ba kaji. An keɓe wa Kazeem kujerar gaba, kuma ga dalili. A taron jiya, Baba Bot yana shirin rufewa, Malam Datti ya miƙe, abin da bai taɓa yi ba. Ya gyara murya har sau biyu.

"Baba Bot, jama'a, ba saiti ba ne. Ni na yi masa rumfa. Kazeem, ɗana, ka gani ka rufa mini asiri, ni kuma na bari aka ci maka mutunci. Ka yafe mini."