Ranar da Aka Yi wa Filin Ƙwallo Wanka

Jiya na yi asarar sammako. Ana idar da sallar asuba na ɗauki jarkokina biyu na nufi bakin makaranta, inda tankar ruwa ke tsayawa sau ɗaya a mako. Na tarar layin jarkoki har ya sha kwana. Muka yi ta zaman jira har hantsi ya dubi ludayi, babu tanka babu dalilinta.

Damina biyu ke nan sama ta juya mana baya. Rijiyoyi sun ƙafe, famfon gidana kuwa gizo-gizo ya daɗe da tarewa a bakinsa. Amma babbar damuwata ita ce Inna. Mahaifiyata ta haura tamanin. Kofi uku muke ware mata a yini, sai ta sha ɗaya ta yi alwala da biyu. Liman ya zo har gida ya gaya mata taimama ta halatta. Ta ce, "Malam, shekara saba'in ina tsayuwa gaban Ubangijina da wankakkiyar fuska. Yanzu da na kusa komawa gare shi zan fara shafa ƙasa?" Leɓunanta duk sun tsattsage, abin da ya rage a randa kuma bai cika kwano ba. Tsoro nake ji, gaskiya.

Muna nan sai ga maƙwabcina Mai Faci a kan kekensa. Ya ce, "Ku daina gasa kanku a banza. Tanka tana filin ƙwallo, yau manya za su roƙa mana ruwa."

Na bi shi da jarkokina. Ga rumfuna, ga dardumai, ga kuma tankarmu tana zagaya fili tana feshi kamar an biya ta ladan ɓarna. Na tare direban na ce, "Bawan Allah, ruwan namu ne kake ba ƙasa?"

Ya ce, "Wallahi yaya, umarni aka ba ni. An ce kada ƙura ta ɓata wa manya kaya. Sawu na uku ke nan."

Ni dai na jinjina wa wannan hangen nesa. Ina daɗin addu'ar da babban mutum zai yi yana atishawa? Matsala ɗaya ce kawai. Talakawa sun zo babu alwala, da niyyar su yi taimama a wurin, sai suka tarar fili ya zama caɓi. Haka dattawa suka yi ta tsallaka katanga suna neman busasshiyar ƙasa, abin da ba mu taɓa rasawa ba cikin shekara biyu.

Can sai ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tausaya wa Masu Ƙishirwa, rigarsa na ƙyalli. Ya yi mana nasiha mai ratsa jiki. Ya ce zunubanmu ne suka tsayar da ruwa: mata sun cika gulma, 'yan kasuwa suna tauye mudu. Bai tuna da rijiyar burtsatsen nan da ya ƙaddamar sau biyu ba ta taɓa ɗigo ba, amma ai babba ba ya iya riƙe komai a ka. Da maƙogwaronsa ya bushe ya kurɓi ruwan roba, ya ɗauraye yatsunsa da sauran.

Ana daidaita sahu idona ya kai bayan rumfa. An ajiye tankar a can, bakin bututunta yana ɗiga. Na dubi sahu, na dubi ɗigon nan, fuskar Inna ta faɗo mini. Allah ya gafarta mini, na zare jiki na je na tsuguna na tara jarka. Daga nan na ji kabbara, na ji addu'a, na ji Liman ya ce a juya riguna. Mai Faci ya ce mini daga baya tasa bai ma san ko ta juyu ba, ciki da waje duk dauɗarsu ɗaya. Kafin direba ya tayar da mota na samu kamar rubu'in jarka.

Da na shiga gida Inna ta ce, "Ka samu sallar?"

Na ce, "Ban samu ba, Inna. Ruwa na tsaya tara miki."

Ta kalle ni. Sannan ta miƙo kofi, na cika, ta shanye tas. Ta ce in ƙara, na ƙara. Da azahar ta yi sai na ga ta dafa ƙasa da tafukanta ta shafi fuska. Ta ce, "Ruwan da ka bar sallarka ka samo, ba na wanke fuska ba ne." Na koma bayan ɗaki don kada ta ga idona.

Da yamma rediyo ya ce taron ya yi armashi, har za a maimaita a filin da ya ninka wannan girma. Ina ba ku shawara, jama'a, kowa ya halarta. Darduma ba dole ba ce, amma kada ku manta jarka.